Ranar da Akuyar Yarona Ta Shiga Masara

Yaron ɗana ne na fari, don haka ba zan kira sunansa ba, ko a wancan lokacin ma ban taɓa kira ba. A wani ƙauye muke kusa da Tabanni, can bakin daji, zamanin ana kashe fam da sule. Ya zo duniya wuyansa ba ya tsayawa. Ya haura shekara uku bai zauna ba, bai yi magana ba, ba ya kuma iya tauna. In an sa masa tuwo sai ya shaƙe, idanunsa su firfito. Kunu ma sai an tsinka shi ya zama ruwa, duk da haka rabi ta hanci yake dawowa. Nono ne kawai yake wuce masa lafiya, ni kuwa nawa ya ɗauke tun da na sake samun ciki. Da rani mukan sami madara wurin Fulani, amma damina na faɗuwa sai su kaɗa shanunsu su yi arewa saboda ƙudan tsando.

Wata ma'aikaciya ce a asibitin sha-ka-tafi na Birnin Gwari ta ga yadda ya rame, ta ce akwai wata ƙungiyar taimako da ke ba iyayen yara irinsa marasa ƙarfi akuyar tatsa. Aka ba mu ja, mai babbar hantsa, da ɗanta a gindinta da wani ɗan ƙarfe a kunne. Matar ta faɗa mini ƙiri-ƙiri cewa ɗaya ce tal, in ta mutu ko ta ɓata babu wata, don masu jira sun fi awakin yawa.

Kai, an sha yi mini dariya a garin nan. Mu ba mu saba shan nonon akuya ba, sai mata suka yi ta cewa yaro zai ɗauko taurin kanta. Na ce to madalla, ya ɗauko mu gani, mutumin da ko ɗaga kan ba ya iyawa. Kafin a yi noman farko kumatunsa sun fito. In ya ji kukanta sai ya buɗe baki ya yi wata 'yar dariya mara sauti, ni kuma in juya baya don kada a ga fuskata.

Mace ɗaya ce ba ta taɓa yi mini dariya ba, matar maƙwabcinmu da muke danga ɗaya. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. Ita ce ta nuna mini yadda ake matse ƙafar akuya da gwiwa a tatse ta, ita ke riƙe mini yaron in zan tafi rafi. Tana da 'ya'ya maza biyu, ƙaramin bai daɗe da yaye ba. Mijinta manomi ne na gaske, ba ya cin haƙƙin kowa, amma zuciya gare shi, in ta taso ba ya jin kira. Sau biyu ya riga ya sake ta cikin fushi yana komo da ita. Duk garin an san saura saki ɗaya, kuma in ya auku ba shi da damar komo da ita.

Damina ta yi nisa, mai shela ya zaga ya ce kowa ya ɗaure dabbarsa, wadda aka kama a gona mai gona ya yi yadda ya ga dama da ita. A shekarar maƙwabcin nan ya sha ɓarna. Birai sun fito daga daji sun karya masa masara, awakin gari kuma sun bi sauran. Wata Juma'a a ƙofar masallaci, gaban mutane, ya rantse cewa duk akuyar da ya sake kamawa a gonarsa, in rana ta faɗi bai yanka ta ba, to matarsa ta saku. Da labarin ya iso mu, Yaya ta yi tsaki kawai ta ci gaba da surfenta. Ni kuwa na je na ƙara ƙulli a igiyar akuyata.

Igiyar rama ce, ruwa ya jiƙa ta ya bushe, ya sake jiƙawa, har ta ruɓe ta ciki. Maigidana yana can gonar daji, inda sukan yi bukka su kwana biyu ba su dawo ba. Da hantsi na zaga bayan ɗaki in wanke ƙwaryar tatsa, ina dawowa na tarar da turke da guntun igiya, ɗan akuyar yana ta kuka shi kaɗai. Sawunta a laka ya bi ta wata kafa a gindin danga, ya miƙe wajen masarar maƙwabcin. Ban gama dubawa ba na jiyo hayaniya daga can.

Na saɓi yaron na goya, na ɗaure kansa da ɗankwali don kada ya rinƙa lilo, na fita. Goyo a baya, ciki a gaba, ƙafa ba takalmi. A wurinmu mace ba ta yawo da ɗan fari gaban maza, abin kunya ne, amma wallahi ranar ko tunawa ban yi ba.

Na sami akuyar ɗaure a gindin ɗorawa, bakinta da ganyen masara. Maƙwabcin kuma yana tsugune yana wasa wuƙa a dutse, mutane sun fara taruwa. Ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba, 'yan tushe ne a bakin kunya. Na durƙusa na gaishe shi, bai ɗago ba. Na ce ya ɗauki ɗan akuyar ya yanka a madadinta. Na ce in an yi girbi ya shiga gonarmu ya ɗebi abin da ya ga dama. Na ce zan yi masa aikin gona har in haihu. Yana ta goga wuƙarsa, sai can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, maganar ta wuce masara.

Ladan, wani tsoho mai sanyin hali, ya sa shi ya maimaita kalmomin da ya faɗa a masallaci. Ya maimaita. Tsohon ya girgiza kai ya ce da da sunan Allah ya rantse, da sai ya yi azumin kaffara a wuce wurin, amma rantsuwa da saki ba ta da kaffara. Mai unguwa ya ce bisa shela mai gona ne da gaskiya, sai dai a sayar da naman a haɗa a saya mini wata. Wata ina? Awakin garinmu ko 'ya'yansu da ƙyar suke ƙosarwa, kogi kuma ya cika, mota ba ta shigowa. Yaron nan in ya wuni biyu ba nono na san yadda yake komawa, na gani a baya.

Sai yaron ya fara kukan yunwa, wani siririn kuka da ba ya fita sosai. Tun safe bai sa komai a ciki ba. Na roƙi a bar ni in tatse ta ko sau ɗaya, mai gonar ya ɗaga kai alamar to. Wani ya miƙo mini ƙoƙon furarsa, na ɗauraye, na tatsa. Na kwanto yaron, na tallafi kansa a gwiwar hannuna, na rinƙa ɗiga masa da ludayi. Shan nasa ba ya sauri, sai ka ɗiga ka jira ya haɗiye, ka share abin da ya zubo, ka sake. Maza da yawa a wurin ba su taɓa ganinsa ido da ido ba. Babu wanda ya yi tari.

Da ƙoƙon ya ƙare mutumin ya miƙe da wuƙarsa. Nan zuciyata ta ɗebe ni, ni ma ba ta da sanyi. Na ɗaga yaron na miƙa masa.

"Malam, in za ka yanka, haɗa da shi. Wuƙa ɗaya ta ishe su."

Aka ɗauki salati. Wani ya ce in ji tsoron Allah. Mai gonar kuwa ya tsaya, ya kasa gaba ya kasa baya.

Ban ga zuwan Yaya ba. Ta kawo wa mijinta abinci ne, ta sauke ƙwaryar a inuwa, ta dubi kowa. Ba ta tambayi komai ba, abin a fili yake. Ta wuce ta gabansa ta tsugunna ta kwance akuyar.

Ya ce mata, "Kin san abin da na rantse."

Ta ce, "Na sani, maigida. Rana ba ta faɗi ba, gidansu kuma ka san hanyarsa."

Ta miƙo mini igiyar. Bakina yana cewa Yaya kada ki yi haka, hannuna kuwa ya riga ya damƙe. Na ja akuyata na bi ta tsakiyar mutane, ina jiran in ji takunsa.

A ɗakina na shigar da ita, ita da ɗanta, na jawo turmi na tokare ƙyaure. Ƙyauren kara ne, ko yaro ya banke shi zai faɗi. Na zauna da yaron a cinya ina kallon hasken rana ta ɓular ƙofa. Ban taɓa ganin wuni mai tsawon wannan ba. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Na ji shigowar maƙwabcin gidansu, na ji ya jefar da fartanya. Na ji ƙanensa ya zo yana magana da zafi, yana cewa a kan dabba zai bar uwar 'ya'yansa ta tafi? Akuyar ta yi kuka, na kama bakinta na riƙe kamar hakan zai ɓoye ta.

Ni kaina ban san addu'ar da zan yi ba. In ya zo, ɗana ne. In bai zo ba, Yaya ce. Na ji tsoro, na ji kunya, na kuma ji haushin kowa har da akuyar.

Wajen faɗuwar rana na ji taku ya fito daga gidansu ya nufo namu. Ya tsaya a bakin zaure. Ta ɓular ƙyaure ina hango ƙafafunsa da tsinin wuƙar a gefen cinyarsa. Bai yi sallama ba. Yaron ya farka ya soma ɗan kukansa, na rasa bakin wa zan toshe. Ƙafafun nan suna nan tsaye, haske yana ja yana raguwa, har ladan ya ɗaga murya ya kira magariba. Sai suka juya suka nufi masallaci.

Da safe na fito da akuyar tsakar gida ina tatsa, sai ga Yaya ta leƙo ta kan danga, kayanta ɗaure a ka. Za ta bi matan da ke zuwa kasuwa ta hanyar daji, su raka ta garin ubanta wajen Damari. Yaran kuwa na uba ne, a gida za su zauna. Na tashi zan yi magana, kuka ya ci ƙarfina. Ta ce in bar wannan, in nemi igiyar kaba mai kauri, kuma in rinƙa tafasa nonon kafin in ba shi. Ta dubi yaron ta kira sunansa, ta tafi.

Na zauna na ɗora kansa a hannuna na fara ɗiga masa. Ya sha sosai ran nan, ko ɗigo bai dawo ba. Ta bayan danga ƙaramin ɗanta ya tashi daga barci, ina jin sa yana bin ɗaki-ɗaki yana kiran inna.