Ni Na Nuna Musu Bakin Rafi

Ni matsoraciya ce, gara in faɗa tun yanzu. Ƙadangare ya faɗo daga kan katanga sai na yi ihu. Don haka duk wanda ya taɓa jin ana cewa akwai wata malamar firamare a unguwarmu da ta tare katafila da ƙirjinta, to ni ce ake nufi, amma labarin ba haka yake ba.

Unguwarmu tana gefen garin Zuru, ta wajen hanyar Dabai, kuma a bayanta akwai rafi. Da damina yakan cika har ya hana mu ƙetarewa gona. Da rani kuwa sai ya janye ya bar mana yashi fari, mai faɗi, wanda ba na kowa ba ne. A nan muke wanki mu shanya, a nan mata ke wanke kalwar daddawa, a can ƙasa Fulani ke shayar da shanu. Idan rijiyoyin gida suka ƙafe, sai kowace mace ta tona raminta a yashin, ta jira ruwa ya tsattsafo, ta kwasa da ƙoƙo. In za ta tafi sai ta kife ƙwarya a bakin ramin ta ɗora dutse. Ramin da aka kife wa ƙwarya ba mai taɓa shi, ko da mai shi ta yi mako ba ta zo ba. Baƙo mai ƙishi kaɗai aka yarda ya buɗe ya sha, shi ma ya mayar da ƙwaryar yadda ya same ta.

A shekarun da wayar salula ta fara shigowa garinmu, mijina soja yana can bakin aiki a kudu, ni kuma ina zaune da uwarsa. Tsohuwa ce gajera, mai baki, wadda duk unguwar ke kira Mama. Raminta ya fi na kowa ruwa, kuma ba ta bari a manta da hakan.

Wata safiya muna wanki sai ga mutum uku da mota, ɗauke da wani abu mai ƙafa uku da ake leƙawa. Suka gaishe mu da ladabi. Babbansu ya ce an turo su awon wurin ne, ya tambaya ko akwai wadda za ta zagaya da su. Mu kuwa mun shekara muna roƙon a haƙa mana famfo, shi ya sa da muka ji awo sai muka ɗauka abin ne ya zo. Mata suka yi guɗa, suka tura ni gaba, tunda ni ce mai boko.

Na zagaya da su, har da rawar jiki. Na nuna musu inda yashi ya fi zurfi, da inda ruwa ba ya ƙafewa ko a tsakiyar bazara, da hanyar da mota za ta iya saukowa ba ta kafe ba. Da suka tsaya a gindin wata ɗorawa suka ce nan iyaka, ni da bakina na ce a'a, ai wurin ya wuce nan, ya kai har gindin tsamiya. Ina gudun kada su raina wurin su kai famfon wata unguwa. Mama ma ta dama musu kunu. Suka kakkafa duwatsun siminti masu lamba, suka sha kunu, suka tafi.

Ba a yi wata ɗaya ba aka kawo turakun ƙarfe da waya mai ƙaya. A ranar muka ji gaskiyar magana. Wani attajiri, ɗan yankin da ya daɗe a birni, ya samo takarda a kan wurin. Zai gina otal a kan tudu, ya buɗe gidan buga bulo a ƙasa, yashin kuma tifa za ta riƙa kwasa. Iyakar da ke cikin takardarsa ita ce wadda na nuna, daga ɗorawa har tsamiya.

Ba wanda ya zage ni, kuma wannan ya fi zagi ciwo. In na iso rafi sai hira ta tsaya, a ci gaba da cuɗa wanki ba a ɗago kai ba.

Aka yi taro a gidan mai unguwa. Unguwarmu kuwa tsofaffin sojoji sun yi mata yawa, kusan kowane gida akwai wanda ya taɓa riƙe bindiga. Suka miƙe suna cewa gobe za su tuge turakun, duk wanda ya hana su ya gani. Na dubi fuskokinsu na ga ba wasa suke ba, kuma na san in jini ya zuba a yashin nan, ni na jawo. Mama ce ta buga sandarta a ƙasa.

Ta ce, "Ku zamna. Kun taɓa tona rami a rafin ga? Wurin mata ne. In kunka je, 'yan sanda za su zo su kwashe ku, a ce rigima anka yi. Mu za mu zamna."

Shawarar da aka yanke ita ce kada a bar yashin ba kowa daga fitowar rana har faɗuwarta. Aka raba kwanaki. Ranar Lahadi matan Musulmi su tsare mana mu je coci, mu kuma mu karɓe su lokacin da suke da hidima. Kowace mace ta tona rami, har wadda rijiyarta ba ta ƙafe ba, ta kife ƙwarya. Cikin mako guda yashin ya cika da ƙore kife. Mai unguwa da fasto da liman za su kai koke gaban hakimi, ni kuma aka ce in rubuta takardar koken, in fara sa hannu. Mama ta ce tunda hannuna ne ya nuna hanya, shi zai fara.

Na rubuta, na sa hannu, aka kai. Bayan kwana biyu wani mutum ya zo makarantarmu a kan babur, ya kira ni bakin ƙofa. Ya ce malama, rubutunki yana da kyau, amma ki sani ana iya mayar da malami wani ƙauye can bayan Sakaba, inda mota ba ta zuwa. Ya yi murmushi ya tafi. Na koma aji na tsaya gaban allo, na manta darasin da nake koyarwa. Daga ranar ko ƙarar babur na ji a bayana sai na ratse cikin ciyawa.

Katafilar ta zo ranar kasuwa, da hantsi, lokacin hutun Ista. Mutanen attajirin sun san mata sun tafi kasuwa. Mu bakwai ne kawai a yashin, ni da Mama da wasu tsofaffi. Mun fara jin ƙararta kafin mu gan ta, ƙasa tana girgiza a ƙarƙashin tafin ƙafata. Ta sauko ta hanyar nan da na nuna, wadda mota ba ta kafewa.

Mama ta je ta zauna a bakin raminta ta miƙe ƙafafu. Sauran ma kowace ta zauna a nata. Ramina kuwa shi ne na farko daga hanya, don can Mama ta sa na tona. Ni niyyar gudu na yi, Allah ya sani. Na juya zan nufi gida, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zube a kan yashi dab da ƙwaryata. Bakin katafilar yana matsowa, ina ganin ƙasa busasshiya maƙale a haƙoransa, ina jin zafin injin a fuskata. Na rufe ido ina kiran sunan Yesu, ina tunanin wa zai gaya wa mijina.

Sai ƙarar ta mutu. Na buɗe ido na ga direban ya sauko, dattijo ne mai furfura, da jin Hausarsa mutumin wajen Mahuta ne. Wakilin attajirin yana daga kan tudu yana daka masa tsawa, amma direban bai waiwaya ba. Ya dubi ƙoren da ke kife, ya daɗe yana duba.

Ya ce, "An ce mani fili ne ba kowa. Ramun ga duk da masu su?"

Mama ta ce daga inda take, "Ba ka ga ƙwarya ba? Ko ƙauyenku ba a kifewa?"

Ya ce ana kifewa. Ya tsuguna a gabana ya ce, "Ɗiyata, ba ni ruwa." Na ɗauke dutsen na buɗe, na ɗebo da ƙoƙo na miƙa masa. Ya sha, ya mayar da ƙwaryar da kansa, ya ɗora dutsen. Ya hau ya juya katafilar, ya ce wa wakilin ya nemi wani direban, shi ba ya taka ƙwaryar da aka kife.

Kafin azahar labari ya kai kasuwa, mata suka baro kayansu suka cika yashin. Aka yi ta zaman sulhu har damina ta sauka. A ƙarshe aka bar mana yashin da hanyar sauka, attajirin ya riƙe tudun. Tsamiya ta faɗa cikin rabonsa, aka sare ta, kuma da ban ja su har can ba da tana nan. A inuwarta Mama ke hutawa in ta gama ɗibar ruwa, kuma har ta rasu ba ta taɓa ambata mini ita ba.

Ba a mayar da ni ko'ina ba. Mata suka dawo da hira in na iso, har suna nuna ni ga baƙi wai ga wadda ta tare katafila. Na sha gaya musu faɗuwa na yi, sai su yi dariya. Mama kaɗai ta yarda, ta ce ta gani, amma dai a wurin da ya kamata na faɗi.

Yanzu na yi ritaya, ina nan a unguwar. Kwanan baya wasu mutane masu kyawawan kaya suka tsayar da mota a ƙofar gidana, suka gaishe ni da ladabi, suka tambayi hanyar rafi. Wataƙila ƙishi kawai suke ji. Amma na ce musu su yi haƙuri, ni ma baƙuwa ce.