Bokitin tattasaina

Jama'a, abin da na taɓa yau ya hana ni cin abinci.

Tattasaina na bokiti kwana huɗu yana yaushi, kuma shi kaɗai ya rage mini cikin irin da na samo a Kaoje. Na ɗauko buta, sai ɗiyata Hadiza ta soka wani ƙarfe da ta sayo a Illo, wai mai auna damshin ƙasa.

"Inna, kar ki zuba. A jiƙe take."

Na ce, "Ƙarfe zai koya mini ban ruwa?"

Na cusa hannu ciki. Tir! Baƙin taɓo, ɗoyi, tsutsotsi suna motsi. Ashe bokitin ba huda, kuma nan maigidana ke juye ruwan wankin kifi kullum. Wai taki yake ba shi.

Na dire bokitin gabansa, na ce, "Malam, ga miyarka ta yau."