Fiffiken da Na Miƙe

Ni ɗan maƙeran fari ne daga Bungudu. Mahaifina shi ne babba a cikin masu zubin azurfa a ƙasarmu, har daga Rawayya mata ke aiko masa da mundaye. Abu ɗaya ya tsana a duniya, a fitar da karkataccen aiki daga maƙerarsa. Hannuna ya ɗauki wannan darasi sarai. Zuciyata ce ba ta ɗauki komai ba.

Da ƙanƙanin abu na fara. In mace ta kawo azurfa a sake mata zubi, sai in gutsuri kaɗan in cike da dalma. Ba wanda ya gane, ni kuma ban ji komai ba. Da na ga Baba ya fara sa mini ido, sai na tattara na koma Gusau, lokacin ana shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa.

A can na haɗu da wani Bature mai sayen gyaɗa, wanda ya tuƙa jirgin sama a Yaƙin Jamus. Yana da 'yan jiragen yaƙi guda biyar na zubin farin ƙarfe, kowanne bai wuce tafin hannu ba, da fiffike hawa biyu da farfela. Sun dushe, ya ce in riƙa ɗaukar ɗaya ɗaya ina goge masa. Ana haka wani Kwara, Balarabe mai kanti a Tsafe, ya ga ɗaya a hannuna, ya ce yana tara irinsu, in na kawo na ainihi zai saya.

Ban ko yi dogon tunani ba. Sai in danna jirgin a yumɓu, in fitar da siffarsa da kakin zuma, in zuba kuza da dalma, in goge da magagari. Na bogi ya koma wa Bature, na gaske ya tafi Tsafe. Huɗu suka wuce lafiya, har yana yaba mini.

Na biyar yana da lanƙwasa a fiffiken hagu. Ina gyara kakin, hannuna ya miƙe shi ban ma sani ba. Bature na karɓa ya tsaya cik. Ashe shi da kansa ya lanƙwasa shi, don tunawa da ƙanensa da jirginsa ya faɗi ta wannan fiffike. Na rantse cewa gyara kawai na yi, jirginsa ne. Bai yarda ba, ya kai ni ƙara.

A gaban alƙali aka ce a kira wanda ya fi kowa sanin zubi ya duba. Baba aka kira. Ya zo a kan jaki, ya juya jirgin, ya shafa sawun magagari da babban yatsa. Kalma ɗaya daga bakinsa za ta sake ni, kowa kuma zai yarda. Bai dube ni ba.

"Allah shi gafarta Malam, wanga ba zubin Turawa ba na," in ji shi. "Aikin gidana na. Ni na koya mishi."

Shekara uku na yi a gidan yari ina fasa dutse. Ban yi kuka ba, ban kuma yi fushi ba, kwanaki dai suna wucewa. Da aka sake ni na taka har Bungudu. Na tarar Baba ya rasu, gara ta cinye zugazugi. Inna ta ce tun ranar da ya dawo daga shari'a bai sake hura wuta ba. Mata ba su daina kawo aiki ba, shi ne ke mayar da su, yana cewa bai san mundayen wa da wa aka cuta a ƙarƙashin rufinsa ba.

Na tuba ga Allah, na bi gidajen da na tuna na nemi gafara. Wasu sun yafe, wasu sun rufe ƙofa. Yanzu noma nake yi.

Ku matasa, kada ku raina ɗan abin da kuke gutsura a ɓoye. Ni daga ƙwayar azurfa na fara. Ba a ɗaure mahaifina ko kwana ɗaya ba, amma ni aka saki, shi kuwa da laifina aka binne shi.