Basilla a Dunduniyar Takalmin Gudu

A Katsinar da na tashi, babban mutum ba ya gudu. In ka ga magidanci ya sheƙa a guje, to ko gobara ce ta tashi ko saniya ce ta tsinke, kuma kafin ya sha kwana mutum uku sun tare shi da "Lafiya, Malam?" Yanzu kuwa in ka fito bayan sallar asuba za ka ga ma'aikata da 'yan kasuwa, har da masu furfura, suna sassarfa a gefen titi da takalma masu kaurin ƙasa, babu mai ɗaga kai ya dube su. Na ga masu gudun safe a Alƙahira da Landan tun ina da sauran ƙuruciya, amma a garinmu mutum ɗaya na sani yana yi a wancan lokaci, shi ne masinjan ofishinmu.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula karo na ƙarshe, saura kaɗan in yi ritaya. Masinjan nan magidanci ne, ya haura talatin, yana zaune a Kambarawa da iyalinsa. Daga ƙauye ya zo, ya ce tun yana kiwo yake gudu. Kullum da safe sai ya fita bayan gari ya yi mai nisa, ya dawo ya yi wanka, ya riga kowa zuwa ofis. Ba gasa yake shiga ba. Na taɓa tambayarsa me yake samu a ciki, ya ce, "Ranka ya daɗe, ranar da ban yi ba, abinci ma ba ya yi mini daɗi."

Sabuwar gwamnati ta shiga shimfiɗa kwalta, duk muka yi murna. Hanyar burjin da yake bi ita ma aka yi mata, gonakin gefenta kuma aka yanka su filaye ana gini. Kambas ɗinsa kuwa ƙasansa bai fi kwali kauri ba. Cikin 'yan watanni gwiwarsa ta hagu ta fara kumbura. Daga ofishina ina jin yadda yake hawa bene da fayil, ya taka ɗaya ya tsaya. Likita ya gaya masa ko dai ya sami takalmin da zai tare masa dukan kwalta, ko ya bar gudu gaba ɗaya. Da ya ba ni labari bai yi ƙorafi ba. Ya dai tsaya yana juya hularsa a hannu.

A cikin haka aka tura ni taro Addis Ababa. Can gudu kamar noma yake a wurinmu, ba wanda ke tambayar dalili. Na shiga wani kanti, muka haɗa Turanci da ɗan Amharancin da na tsinta, na yi wa mai kantin bayanin gwiwar. Ya ɗauko takalmi fari mai ratsin shuɗi, marar nauyi kamar ba ka riƙe komai ba. Ya sa na danna dunduniyar da babban yatsa, ta lotsa ta dawo. Ya ce ƙasan soso ne na musamman, a dunduniya kuma akwai 'yar jaka da aka rufe iska a ciki. Ya ƙara da cewa kada in sa rai zai daɗe, da gangan aka yi shi ya riƙa lalacewa a madadin ƙafar mai shi.

Na ji wannan bayani sarai. Da na dawo, ranar Litinin, sai na miƙa wa masinjan takalmin a kwalinsa, ya durƙusa yana godiya, ni kuma don in gajarta godiyar na ce ya tashi ya tafi. Ban gaya masa komai ba.

Mu a nan, takalmi mai daraja ba a sa shi haka nan. Sai an kai wa baduku ya zagaye shi da ɗinki don kada gam ya saki, in da hali ya ƙara masa taya a ƙasa. Haka iyayenmu suka yi, haka ni ma nake yi wa nawa. A Turai na ga mutum ya jefar da takalmi don igiyarsa ta tsinke, a Khartum na ga wanda aka yi wa faci har ba a gane asalin launinsa, kuma a raina kullum ina tare da mutanen Khartum.

Ranar Asabar da hantsi na bi ta Ƙofar Kwaya in karɓi wani takalmina wurin badukun da muka yi makarantar allo tare. Daga nesa na hangi masinjan zaune a benci, fuskarsa cike da fara'a. A cinyar badukun kuwa ga farin takalmin, ƙafar dama. Ya gama ɗinke gaba, ya yanko taya ya ajiye a gefe, yana dab da dunduniya. Na ɗaga murya, amma basilla ta riga ni. Muka ji wani ɗan huci siriri, dunduniyar ta kwanta.

Badukun ya ɗaga takalmin ya kara a kunne. "Kai, Alhaji, mi ka sawo wa bawan Allah? Takalmi ne ko tayar keke?"

"Ka kashe shi," na ce.

"Ni? Shekara arba'in ina ɗinki, takalmi bai taɓa yi mani tsaki ba sai naka. Ka yi yawon duniya, ka iya yare bakwai, a ce ba ka iya gaya wa mutum da Hausa kada ya kawo mani ba?"

Gaskiya ya faɗa. Masinjan ya miƙe, fara'ar ta tafi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na ga kyauta ce babba, na ce bari in tattala ta." Na zaunar da su biyun na maimaita abin da mai kanti ya gaya mini, wanda ya kamata in faɗa tun ranar Litinin. Da na zo wurin cewa da gangan aka yi shi ya lalace, badukun ya riƙe haɓa ya ce, "Kuma mutum ya sa hannu ya ƙera wannan, ya yi barci?"

Ƙafar hagu lafiya lau take, amma ba a gudu da takalmi ɗaya tudu ɗaya kwari, sai ciwon ya ƙaru. A Katsina kuma a lokacin ban san inda ake sayar da irinsa ba. Masinjan ya fara mayar da su cikin kwali. Badukun ya riƙe hannunsa. "Ajiye nan. Ni na huda, ni zan toshe."

Kwana huɗu ya yi a kai. Ya warware ɗinkinsa, ya buɗe dunduniyar daga ciki, ya zare jakar da ta sace. Ya tara silifa iri-iri yana yanka sosonsu falle-falle, yana jerawa, yana dannawa da yatsa, sannan ya danna ta hagu ya gwada. Kowace yamma bayan la'asar masinjan zai zo ya sa, ya ruga har bakin ƙofa ya dawo, mutanen unguwa suna kallo.

"Yaya?"

"Da ɗan tauri, Baba."

"Cire. Alhaji, kai kuma matsa, ka tare mani haske da iliminka."

A rana ta huɗu masinjan ya tafi bai juyo a ƙofa ba. Muka jira har muka fara duban juna. Can sai ga shi, yana haki yana dariya, ya ce ƙafarsa ta manta wanne ne aka yi wa aiki. Na danna da kaina. Ta dama ta ɗan fi ƙarfi, ba ta dawowa da sauri kamar 'yar'uwarta, amma tsayinsu ɗaya.

Kumburin ya sauka a hankali. Kafin in bar aiki na daina jin tsayawarsa a matakalar bene. Takalmin bai cika shekara ba ya lotse, ya zo har gida yana ba ni haƙuri, na tuna masa cewa haka aka ce zai yi. Zuwa lokacin irinsa ya fara shigowa cikin kayan gwanjo, sai ya riƙa ɗauko biyu ko uku ya kai Ƙofar Kwaya, badukun ya danna dunduniyar kowanne ya zaɓa masa.

Masinjan bai bar gudu ba har ya yi furfura. Badukun kuma, har ya rasu, duk takalmin da aka kawo masa sai ya fara danna dunduniyarsa da yatsa, in ta lotsa ta dawo ya mayar wa mai shi, bai sake sa wa irinsa basilla ba.