Matar Mai Katifa a Ajin Kasuwanci

Ta haura arba'in lokacin da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya da masana'antar katifa. Masana'anta dai girmamawa ce aka yi wa wurin. Doguwar rumfar kwano ce a bayan tashar mota, da kekunan ɗinki, da injin yanka soso, sai wani ɗaki can ƙurya inda ake cusa auduga a katifa irin ta da. Ma'aikatan suna kiranta Uwar Ɗaki tun maigidan yana raye, alhali abinci kawai take aika musu.

Dangin miji suka ce a sayar kowa ya huta. Ta roƙi a ba ta lokaci. Ta zauna a kujerar marigayin tana kallon katifu suna hawa kan juna har suka kusa taɓa kwano, kuma ta rasa dalili. Duk wanda ta tambaya sai ya ce kasuwa ce ta mutu. Amma shagon da ke tsallaken titi kullum mota tana lodi a ƙofarsa.

Babbar 'yarta, mai aikin jinya, ita ta kawo maganar.

"Umma, jami'a tana da karatun ƙarshen mako, digiri a harkar kasuwanci. Takardunki na sakandare suna nan a akwati."

"Ni da furfurata? In je in zauna da sa'o'in ƙanenki?"

"To ai ba da furfurar za ki riƙe biro ba."

Ta yi dariya, ta farko tun bayan rasuwar, kuma ta je.

Ajin yana hawa na biyu, benci ne dogaye da fanka ɗaya mai ƙara. 'Yan ajin suka sa mata suna Mama, suna ajiye mata wuri a gaba saboda idonta ba ya kaiwa allo daga baya. Darasin shugabancin ma'aikata bai ba ta wuya ba, don wadda ta reni yara ta san halin mutane. Ƙididdiga ce ta kayar da ita, har sai da ta maimaita. Ranar da ta ga sakamakon ta shiga banɗakin mata ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta koma ta zauna.

Malamar darasin talla wata gajeriyar mace ce mai dusasshiyar murya, kowa Dakta yake ce mata. Ita ta ba su aikin da ya buɗe wa Mama ido. Ta ce kowa ya nemo mutanen da suka ƙi sayen kayansa, ya tambaye su dalili, kuma kada ya yi musu gardama. Mama ta haɗiye kunya ta tsaya kusa da shagon tsallaken titi tana tare mata masu fitowa. Wata ta ce katifar auduga tana dunƙulewa. Wata ta ce nauyinta sai ƙato biyu. Wata kuwa, da ba ta san da wa take magana ba, ta ce, "Waɗancan na bayan tasha? Ai sun tsaya a zamanin kakata." Mama ta yi mata godiya.

Da suka kai shekara ta uku aka shiga darasin dabarun kasuwanci. Malamin ya ce duk mai son riƙe komai a hannu ɗaya, ƙarshenta komai zai zube, don haka shugaba sai ya zaɓi abin da zai saki. 'Yan aji suna ta rubutawa. Ita ta ajiye biro, don ta riga ta ga abin da za ta saki: ɗakin auduga, wanda yake cin ribar da soso yake kawowa.

A ɗakin nan kuwa akwai Baba Mai Auduga. Shi ya koya wa mijinta sana'ar tun yana saurayi, kuma da mijin ya buɗe nasa wurin, Baba ya biyo shi ba tare da girman kai ba. Gashin girarsa kullum fari fat da ƙurar auduga, ga tari da ya zame masa kamar gaisuwa.

Ta yi watanni tana jan ƙafa. Ta gwada rage farashi, ta gwada sabon yadi mai fure, katifun suka ƙi motsi. Wata safiya ta shiga ɗakin da kanta, ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗa masa za ta rufe ɗakin. Ta ce tana so ya koma duba aikin maɗinka, albashinsa yana nan yadda yake.

Baba ya daɗe yana kallon basillar da ke hannunsa.

"In tsaya kan yara ina kallo kamar gunki? Hannuna auduga ya sani, 'yata." Ya yi tari. "Karatun naki ne ya ce a rufe?"

Da ta ce eh, da ta samu inda za ta laɓe. Amma ta ce, "Karatu ya nuna mini, Baba. Ni ce na yanke."

"To madalla. Gara da kika faɗi gaskiya."

Ya naɗe basillarsa da sandunan bugun auduga a tsumma, ya bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya yana sallama, ya fita. Abokan aikinsa na ɗakin suka zauna, suka koyi injin soso.

Masana'antar ba ta mutu ba. Ta koma yin ƙananan katifu marasa nauyi na ɗaliban kwana, irin waɗanda 'yan ajinta suka ce suna nema, da masu rufin leda na asibitoci. Ba ta yi arziki ba, amma albashi bai sake makara ba, dangin miji kuma suka daina zancen sayarwa. Ta gama digirinta da sakamako matsakaici, 'ya'yanta suka sa hoton bikin kammalawar a falo.

Ba ta yanke zuwa gidan Baba ba. Takan kai masa maganin tari da ɗan abin masarufi. Yana amsa gaisuwa da mutunci, ya tambayi yara, ya sa albarka. Bai taɓa tambayar aiki ba, in ta ɗauko zancen kuwa sai ya juya ya ce a kawo wa baƙuwa ruwa.

Da ya rasu, tana cikin na farkon isa gidan. Bayan mutane sun ragu, ta matsa kusa da matarsa ta tambaya a hankali ko ya tafi da ita a zuciya.

Tsohuwar ba ta iya ƙarya ba. Ta ce, "Ban taɓa jin ya zage ki ba, ko sau ɗaya. Amma tun ranar nan, ko hanya ce ta bi ta bayan tasha, sai ya zagaya."

Uwar Ɗaki ta gyaɗa kai. Ta zauna tare da tsohuwar har rana ta yi sanyi, tana taya ta amsa masu ta'aziyya. Washegari ta aika aka ce wa ma'aikata kada a kunna inji, kuma duk wanda ya san Baba ya zo su tafi gidan makokin tare.