Maganin Mai Ciki a Kaskon Kaji

Mai Ƙwai ake ce mata, don tun tana yarinya kiwon kaji ta iya. Da kaji uku ta shiga gidan mijinta, wani maƙeri, kafin shekara biyu tsakar gida ba wurin sa ƙafa. Miji ya ci ƙwai, baƙinsa su ci, har mai gyaran rediyo in ya biyo sai an soya masa. Ita kuwa sai kowa ya ƙoshi take kankarar gindin tukunya.

Da ta samu cikin fari, uwar mijin ta kafa doka: ba ƙwai, ba madara, ba nama, wake ma sai dai ɗanɗane.

"Ke yarinya ce," in ji Inna. "Ki cika tumbi, ɗa ya yi ƙaton kai, wa zai fito miki da shi? Ni?"

Ɗan ya zo ɗan mitsitsi yadda Inna ke so, ya kwana huɗu ya koma. Na biyu ko kuka bai yi ba. Mata suka cika ɗaki da "sai haƙuri", ba wadda ta leƙa kwanonta.

A ciki na uku, wata shida, ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya. Da aka kai ta asibiti, malamar ta ja fatar idonta ƙasa, ta ga fari fat.

"Baiwar Allah, ina jininki ya tafi? Ƙwayoyin ƙarin jinin da na ba ki fa?"

Mai Ƙwai ta sunkuyar da kai. Inna ce ta amsa, har da gyara zama.

"Na daka na zuba wa kaji a ruwa, Malama. Ki zo ki ga yadda suka yi ɓul-ɓul. To da a cikinta ne fa?"

"Inna, kajin ne za su haifa miki jika?"

"Tara na haifa, 'yar nan. Kina ina lokacin?"

"Nawa ke raye?"

Inna ta ja mayafi ta ce rana ta yi, su tafi.

Aka faɗa wa maigidan. Ya ce maganar mata ce, ya ci gaba da dukan ƙarfe. Mutumin da daga nesa yake gane ƙarfen da bai ji wuta ba, wai bai ga matarsa na bushewa a gabansa ba!

Daga ranar Mai Ƙwai ta koyi satar abinta. Sabon maganin da ta karɓo ta ƙulle a bakin zane. Kullum da safe in ta ɗora wa Inna ruwan wanka, sai ta jefa ƙwai biyu a tukunyar, ta tsame, ta laɓe bayan akurki ta cinye tsaye, ta binne ɓawon. Inna ta yi wata uku tana wanka da ruwan tana tsine wa ɓeraye, wai su ke kwashe ƙwan.

Haihuwar ta zo da hantsi, ba ta yi gardama ba. Mace ce, mai nauyi, kukanta har maƙera.

Inna ta ɗaga jaririyar tana nuna wa 'yan barka. "Kun gani? Don na tsare mata baki ne. Da na biye wa waccan malamar, da yanzu wani zance ake."

"Haka ne, Inna," in ji Mai Ƙwai. "Miƙo min ita, yunwa take ji."