Igiyar Hayatu Maƙeri

Duk baƙon da ya zo sayen bindigar farauta a kasuwar Gummi, rumfar Hayatu maƙeri ake nuna masa. Ni goro nake sayarwa kusa da shi, na sha dariyar sababbin shiga. Mutum bai taɓa harbin ko kurciya ba, amma sai ya ɗauki bindiga yana leƙa bakinta.

Hayatu kan fizge ta ya ce, "Kai, wanga ba rijiya ta ba! Baki sama ko ƙasa. Kuma kak ka dubi adon kota, ƙarhe za ka duba."

Doka ɗaya gare shi: mai saye ba ya harbin farko. Sai an je bayan kasuwa, a ɗura albarushi, a ɗaure bindigar jikin wata tsamiya, a sa wa kunamarta doguwar igiya, kowa ya ja baya. Mai jan igiyar kullum ƙanensa ne Nuhu, da hagu, domin ba shi da hannun dama. Bindigar farko da Hayatu ya ƙera yana saurayi ita ta fashe a hannun Nuhu. Tun ran nan Hayatu ya yi rantsuwa ƙirarsa ba za ta sake cin naman mutum ba. Shekara talatin ba ta ci ba.

A shekarar da aka hamɓare mulkin farar hula idon Hayatu ya fara hazo. Ya ɓoye, mu ma muka yi kamar ba mu gani ba.

Wata ranar kasuwa Hammadu, Bafulatani daga Nasarawa Burkullu, ya zo, kura ta dami 'yan maruƙansa. Sauri yake yi, ya ce a bar gwaji. Hayatu ya ƙi. Aka ɗaure, Nuhu ya ja igiya. Bindigar ta tarwatse, ƙarfe ya kafe a jikin tsamiya. Da idonsa lafiya, da Hayatu ya ga tsagar da ke jikin ƙarfen tun a maƙera.

Ya zauna a ƙasa. Wallahi na tausaya masa.

"Na gama ƙira," in ji shi.

Nuhu ya kamo hannun Hammadu na dama, ya kawo ya ɗora a tafin yayansa.

"Yaya, ƙirga," ya ce.

Hayatu ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya yana hawaye. Biyar ne cif.